Man kiril da maganar ƙarfin maza

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Masu ilimin cikinmu ina da tambaya, kuma don Allah kada a yi min dariya. Jiya bayan la'asar wani mai tallan magani ya shigo layinmu da wata 'yar kwalba, ƙwayoyi ne jajaye a ciki masu sheƙi kamar 'ya'yan carbi. Ya ce man kiril ne, wai wani ɗan jatan lande ne na can ƙarshen duniya inda ƙanƙara take. Wai duk teku babu namijin da ya kai nasa yawan iri, don haka duk wanda ya sha na wata guda sai gidansa ya cika da 'ya'ya. Wani abokina ya saya naira dubu 18. Gaskiya ne, ko an yi masa sakiyar da ba ruwa?

Mai Tarwaɗa: "Wani abokina." To Alhaji, Allah ya ba abokin naka lafiya.

Ɗan Kwari: Kai dai amsa abin da aka tambaya.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Yara, a riƙa sara ana duban bakin gatari. Akwai iyayenku mata a zauren nan.

Malama Bayoloji: Baba ina wuni. A yi min afuwa, ni ce ma zan fara amsawa, don abin da nake koya wa 'yan aji shida ke nan kullum, kuma a gaban allo ba a rufe fuska. Zan yi maganar da ladabi in sha Allah.

Yaya Ɗan Kwari, dabbar gaskiya ce, ba ƙirƙira mai tallan ya yi ba. Kiril kalmar mutanen Norwe ce. Akwai irinsa sama da 80 a tekunan duniya, amma wanda ake matse mai daga jikinsa shi ne na tekun Antatika, masana suna ce masa Euphausia superba. Babbansa bai wuce santimita 6 ba, kamar ɗan ƙaramin yatsanka, nauyinsa giram ɗaya zuwa biyu. Yawa kam yana da shi, ana ƙiyasta nauyinsu gaba ɗaya da ɗaruruwan miliyoyin tan, shi ne tuwon wel, manyan dabbobin teku, da fengwin, tsuntsayen ƙanƙara marasa tashi. Har nan mai tallan bai yi ƙarya ba. Inda ya kauce hanya shi ne maganar namijin. Da ya san yadda namijin kiril yake, da bai kafa hujja da shi ba.

Hajiya Mai Kayan Miya: Malama tsaya. Ba kirefish ɗin nan ba ne da muke saye a Sabon Gari a mudu? Don in shi ne, ni kullum ina daka shi a miyar kuka, kuma ban ga abin da ya ƙara wa kowa ba sai ɗanɗano.

Malama Bayoloji: Hajiya 'yan uwa ne, amma ba ɗaki ɗaya ba. Namu na miya daga bakin tekun kudu ake kawo shi, wajen su Oron a Akwa Ibom. In kin jiƙa guda ɗaya kin duba, za ki ga ɓawon kansa ya rufe abin numfashinsa ruf. Na kiril a waje yake, kamar gashin tsuntsu a gindin ƙafafu. Sannan kiril yana da wasu 'yan fitilu a jikinsa masu ba da shuɗin haske a cikin duhun ruwa.

Mai Tarwaɗa: Mu dawo kan namijin. Ni sana'ata ƙyanƙyasar tarwaɗa ce, shekarata tara a kai, don haka maganar iri ba baƙuwa ba ce a wurina. Me ya bambanta shi da kifi?

Malama Bayoloji: Yauwa, ka ma sauƙaƙa min. Fara gaya wa jama'a yadda kake yi da namijin tarwaɗa, sai in ɗora.

Mai Tarwaɗa: Ai mu namiji ba ya kwana. Macen ce muke yi wa allurar Ovaprim da yamma, da safe cikinta ya saki, a riƙe ta da tawul a shafa cikin a hankali, ƙwai ya zubo a roba. Shi kuwa namijin tarwaɗa ba ya tatsuwa, ko ka matse shi har gobe. Dole sai an yanka shi, a farke ciki, a ciro wasu farare guda biyu masu baki kamar zarto, a goge jinin tas, a tsattsaga su da reza a matse ruwan a kan ƙwan. Fari ne kamar madarar gwangwani. Sirrin shi ne kada ɗigon ruwa ya taɓa shi kafin lokaci. Da ka zuba ruwa ya farka ke nan, kuma cikin minti ɗaya zuwa biyu ya gama rawarsa ya mutu. Na taɓa asarar ƙwan uwa uku saboda yaron da ke taya ni ya miƙo min roba da danshi a ciki. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Malama Bayoloji: To ka ga abin da ya sa naka yake farkawa: kowace ƙwayar maniyyin tarwaɗa tana da wutsiya, da ita take iyo ta nemi ƙwai. Na ɗan Adam ma haka. Na kiril ba shi da wutsiya sam. 'Yar dunƙulalliyar ƙwaya ce mai siffar ƙwai, ba ta iyo, ba ta zuwa ko'ina da kanta. Inda aka ajiye ta nan za a same ta.

Ɗan Lab: Malama, a wurinmu idan na ɗora samfurin maniyyi a madubin ƙara girma na ga babu mai motsi, ai takardar da zan rubuta ba mai daɗi ba ce.

Malama Bayoloji: A mutum haka ne. A kiril kuwa haka aka halicce shi, lafiyarsa ƙalau. Kuma ba shi kaɗai ba, ƙaguwa da jatan lande duk nasu babu wutsiya.

Mai Tarwaɗa: A'a Malama, nan kam ban yarda ba tukuna. A roba ma da take tafin hannu biyu sai na juya da gashin kaza kafin iri ya game ƙwai, alhali nawa yana iyo. Ke kuma kina cewa a tsakiyar teku, ga igiyar ruwa, abin da ba ya motsi zai sami ƙwai? Ta ina?

Malama Bayoloji: Tambayar ke nan, kuma amsarta ita ce duk labarin. Tun da irin ba zai je da ƙafarsa ba, uban ne yake ɗaukar nauyin kai shi har ƙofar gida. Bari in bi abin daga farko.

Marainan kiril ba a waje suke ba. Suna cikin ƙirji, a ƙarƙashin zuciya, a saman abin narka abinci, a yi su rassa-rassa. A cikin rassan nan ake ƙera irin. Ƙwayoyin asali suna ta rabuwa suna yawa, sai wasu su girma su shiga wata rabuwa ta musamman mai hawa biyu, wadda take raba kayan gado gida biyu, ƙwaya ɗaya ta ba da huɗu, kowace da rabin gadon uban. Har nan babu bambanci da tarwaɗa ko rago ko mutum. Bambancin yana matakin ƙarshe. A wurinmu ƙwayar takan zubar da yawancin jikinta, ta tsuke kai, ta fitar da wutsiya. Ta kiril ba ta wannan wahalar.

Daga marainan akwai bututu biyu, dama da hagu, suna nannaɗewa su gangara zuwa gaɓar ƙirji ta ƙarshe, ta takwas. A kan hanyar nan bangon bututun yana fitar da wani abu mai danƙo da yake lulluɓe tarin irin, ya daskare ya zama ɗan ƙunshi mai wuya siriri, kamar 'yar gora. Ku ɗauka ƙullin yaji ne a leda. Ƙunshi biyu yake shiryawa, ɗaya a kowane ɓangare, su zauna a bakin bututun suna jira. Masu bincike a jirgin ruwa da haka suke gane namijin da ya kai: wurin ya yi ja, kuma in an ɗan danna sai ƙunshin ya fito.

Ɗan Kwari: Ikon Allah. Wato dila yake ɗaurewa kamar mu.

Malama Bayoloji: Dila kuwa, har da ɗan dako. A ƙarƙashin jelarsa kiril yana da ƙafafun iyo guda biyar-biyar. A jikin namiji, na farkon suna da wani reshe da ya rikiɗe ya zama kamar hannu, da 'yan ƙugiyoyi da lanƙwasa. Sunansa fetasma. Da shi ake kai ƙunshin a liƙa a wata 'yar ma'ajiya da ke ƙirjin macen ta ƙasa, a gaɓa ta shida, ana ce mata telikum, ita ma ja take yi idan macen ta balaga. Ƙofar da ƙwai yake fitowa tana nan dab da wurin. To ka ga amsarka, Mai Tarwaɗa: ƙwan ne yake biyowa ta kan irin a hanyarsa ta fita. Ba a bar wa teku komai ba.

Kuma siffar fetasma ta kowane iri daban take, har da ita masana suke tantance wannan kiril daga wancan, kamar yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa.

Mai Tarwaɗa: To yanzu na ji. Amma wa ya gani da idonsa? Ko duk lissafi ne daga gawar da aka farke?

Ɗan Jami'a: An gani, Yaya. Shekara da shekaru lissafi ne kamar yadda ka ce, har sai da masu bincike na Ostireliya, ƙarƙashin wani masani ɗan asalin Japan, So Kawaguchi, suka saukar da kyamara gindin teku a gabashin Antatika. A 2011 suka fitar da abin da suka ɗauka. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne zurfin, tsakanin mita 400 zuwa 700, alhali da ana zaton a saman ruwa ake yin komai. Namijin yakan bi macen da gudu, ya taɓa ta ya ji, su rungumi juna ciki da ciki, ya lanƙwashe jikinsa a kanta, sannan ya tura ta da kai suna juyawa. Duk suna iyo ake yin wannan.

Baba Alhaji: Subhanallah. Mita 700 a cikin duhu, kuma akwai wanda aka ba albashi ya je ya leƙa. Mu nan ko rijiyar gidanmu ba mu san me ke ƙasanta ba.

Admin: Baba ashe kana nan kana bi.

Baba Alhaji: Ina bi mana. Na ga yarinyar nan ta iya bakinta. Ci gaba 'yata.

Malama Bayoloji: Na gode Baba. Saura wurin da ya shafi kuɗin abokin Yaya Ɗan Kwari.

Kiril yana saɓa kamar maciji, kuma har ya mutu bai daina ba, a lokacin ɗumi kusan duk sati biyu zuwa uku. Ma'ajiyar nan ta mace a jikin ɓawo take. Ranar da ta yi saɓa, ƙunshin da aka liƙa mata ya tafi da tsohuwar riga. Ita kuma ba sau ɗaya take zuba ƙwai a shekara ba, kuma a zubi ɗaya tana iya sakin dubbai, har zuwa dubu 10. Don haka namiji ba shi da hutu. Daga wajen Disamba zuwa Maris, lokacin da mu muke fama da hunturu su kuma suke bazararsu, aikinsa ke nan: ya ƙulla, ya bi, ya liƙa, ya koma ya sake ƙullawa. Jikinsa ma an gina shi don haka, idonsa ya fi na mace girma, gashin bakinsa ya fi tsawo, ƙirjinsa siriri.

Da aka auna kitsen jikinsu a wannan lokaci, sai aka tarar balagaggen namiji ya fi kowa ramewa a garken. Man jikinsa ya ƙone a guje-guje da ƙera iri. Shi ya sa maza suke riga mata mutuwa, duk da cewa a bayan mata suke balaga, mace wajen shekara biyu, namiji wajen uku. To Yaya, mai tallan ya ce ka sha man kiril don ka sami ƙarfin namijin kiril. Namijin da yake nufi shi ne wanda ba shi da man.

Mai Tarwaɗa: Wayyo cikina! An sayar wa Alhaji man wanda ba shi da mai.

Ɗan Kwari: Abokina dai.

Ɗan Jami'a: Ƙari a kan haka, jiragen kamun sun fi son kakar can zuwa farkon sanyi, lokacin da haihuwa ta wuce kitse ya taru. Kuma duk abin da koma ta kwaso ake haɗawa, maza da mata da matasa, babu mai zaman tantancewa.

Hajiya Mai Kayan Miya: Ni tausayinsa ma ya kama ni. To wanda bai mutu ba fa, ya yake ƙarewa?

Malama Bayoloji: Hajiya wannan shi ne abin da ni kaina ya fi ɗaure min kai tun ina makaranta. Idan sanyinsu ya shigo, wato lokacin daminarmu, rana takan yi ƙaranci ƙwarai, ƙanƙara ta rufe teku, abinci ya yanke. Sai kiril ya koma baya. Da kowace saɓa alamomin balagar suna raguwa, fetasmar nan mai ƙugiyoyi ta shafe ta koma kamar ta saurayin da bai kai ba, macen ma haka. Jikin kansa yana iya tsukewa, ya fito daga saɓa ya fi da ƙanƙanta. A wani gwaji an ajiye su fiye da kwana 200 babu abinci, ba su mutu ba, sai dai suka ragu. Idan haske ya dawo sai komai ya sake tsirowa. A tsibirin Tasmaniya na Ostireliya akwai wurin da ake kiwon su a tankuna, kuma an nuna cewa tsawon hasken rana yana cikin abin da yake juya wannan agogon.

Baba Alhaji: Wato dattijo ya koma yaro, shekara ta zagayo ya sake zama ango. Wannan kam da ana sayar da shi a kwalba da na saya.

Admin: Baba!

Ɗan Jami'a: Wannan tsukewar ce ta sa sanin shekarun kiril yake da wuya, don tsawo ba ya nuna shekaru. A tanki dai an ga suna wuce shekara shida. Wani abin kuma, a 2023 aka kammala karanta kundin gadonsa, sai ga shi ya ninka na ɗan Adam kusan sau 16. Ku duba, rabin wannan tulin ne ake cusawa a kowace 'yar ƙwayar iri.

Mai Tarwaɗa: Da wannan kaya a ka ina zai iya iyo.

Malama Bayoloji: Wasa kake, kada ɗalibaina su gani su rubuta min a jarrabawa. Ƙaguwa ma nata ba ya iyo.

Ɗan Kwari: To yanzu a taƙaice, man ba shi da amfani ke nan? Kuma ma ya halatta?

Baba Alhaji: Ta fuskar halacci babu damuwa da dabbar. Hadisin teku sananne ne, yana cikin Muwaɗɗa: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Mu Malikawa ba mu ware jatan lande ba. Sai dai a duba ɓawon ƙwayar da me aka yi shi, don wani da gelatin ake yi, a san na wace dabba ce.

Ɗan Lab: Amfani yana da shi daidai gwargwado. Mai ne irin na kifi, mai omega-3, jan launin kuma daga abin da dabbar take ci ne. Abin da za ka samu a ciki za ka same shi a kifin sardin ko titus na Galadima Road. Amma ba maganin rashin haihuwa ba ne, kuma mai shan maganin tsinka jini ko wanda jatan lande yake sa wa ƙaiƙayi da kumburi kada ya sha sai ya ga likita.

Ni abin da yake damuna daban ne. Ƙera maniyyi a jikin mutum yana cin fiye da wata biyu, wajen kwana 70, don haka duk mai cewa sha yau ka ga aiki jibi, ka san inda ya dosa. Kuma ba a gane matsala da ido ko da jin ƙarfi a jiki. Mutum yana iya zama garau ta kowace fuska a duba a ga babu iri ko ɗaya, wani kuma ga shi kamar iska za ta ɗauke shi amma nasa cike. Gwajin ba wuya: a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba da samfuri, a duba yawa da motsi da siffa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙasan iyaka a miliyan 16 a kowace mililita. Ana yi a Asibitin Malam da Murtala da ɗakunan gwaji da yawa a gari, kuma wallahi bai kai kuɗin da ake zubarwa a kwalabe ba.

Hajiya Mai Kayan Miya: Allah ya yi maka albarka ɗana. Faɗa musu dai. Mace ce kullum a layin asibiti, ita ce shan jiƙe-jiƙe, ita ce gorin dangin miji, shi kuwa gogan ko a ce ya zo a duba shi sai ya ce an raina shi. Wata 'yar uwata shekara bakwai tana wannan wahalar, har aka yi mata kishiya, ita ma shiru. Sai a lokacin ya yarda ya je.

Ɗan Lab: Kusan rabin ma'auratan da suke fama da wannan, akwai hannun ɓangaren namiji a ciki, Hajiya. Wasu kuma abin da ake gyarawa ne, kamar kumburin jijiyoyin maraina ko ciwon sanyi da aka bari ya daɗe.

Mai Tarwaɗa: Ni ko a tarwaɗa na sha farke ƙaton namiji mai kilo biyu in tarar da abin a bushe kamar igiya, ƙaramin da na raina shi ya fitar da ni kunya. Shi ya sa ba na yi wa uwa allura sai ina da maza uku a ajiye.

Ɗan Jami'a: Kafin a tashi, mu tuna kwalbar nan daga bakin su wel da fengwin aka ƙwato ta. Hukumar da take kula da kamun, CCAMLR, mai hedikwata a Hobat ta Tasmaniya, ta sa iyakar tan dubu 620 a shekara a yankin da aka fi kamawa, kuma a 2025 a karon farko jiragen suka cike adadin har aka rufe kamun tun a watan Agusta. Yawanci ma abincin kifin kiwo ake yi da shi.

Mai Tarwaɗa: Kifin Turawa dai. Nawa ko a mafarki bai taɓa ɗanɗana ba, da kuɗin buhun abinci ma yaya muka ƙare.

Ɗan Kwari: To na gode muku duka, musamman Malama. Yanzu sauran ƙwayoyin ya za a yi da su? Guda shida kawai na sha.

Mai Tarwaɗa: "Na sha."

Ɗan Kwari: Ya sha. Wayar nan ce.

Baba Alhaji: Ku ƙyale shi haka. Ɗan Lab, ka bi shi ta gefe ku yi magana.

Ɗan Lab: An gama Baba. Alhaji duba saƙonka.

Malama Bayoloji: Mai Tarwaɗa, yaushe za ka sake ƙyanƙyasa? Ina so in zo da madubin makaranta da ɗalibai huɗu. Shekara uku ina zana musu wutsiyar nan a allo, ba su taɓa ganin ta tana motsi ba.

Mai Tarwaɗa: Asabar in Allah ya kai mu. Ku iso kafin ƙarfe bakwai, don da uwar ta saki ba na jiran kowa. Ki gaya musu kada wanda ya taɓa min roba da jiƙaƙƙen hannu.